Saniya Ɗaya Cikin Kwalba Goma Sha Biyu

Rabi ce ta tilasta mani wannan rubutu. Ta je buki Malbaza, wata tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, ashe ke ce ɗiyar Sahabi mai saida ƙanƙara. Ta dawo gida ta yi kwana biyu ba ta ce mani komai ba, sai uwarku ce ta gaya mani. Shekaru sun haura ashirin, maganar ba ta mutu ba. To ku zauna ku karanta, ke da ƙannenki. Aji uku na yi lakwal, makarantar boko, anka fidda ni don noma, saboda haka kada wani ya zo yana gyara mani baƙi. Abin da ya faru zan faɗa, har da inda na yi laifi, don na yi.

A lokacin ina aiki buron kiwo na Kwanni, wato ofishin likitocin dabbobi. Ni ba likita ba ne, ba ni riƙe allura. Lebura ne ni, aikina akwatin ƙanƙara. Kowace shekara in ɗari ya shigo sai a raba mu ƙungiya uku, mu shiga daji yi wa shanu allurar ciwon bushiya, ciwon nan da in ya faɗa garke sai ka iske Bafillace da sanda kaɗai a hannu. Maganin yana zuwa a bushe cikin ƴan kwalabe kamar babban yatsa, kuma rai gare shi. In ya ji zafi ya mutu, ba ya sauya kama, ba ya wari. Kana iya soka wa garke guda mataccen magani, kowa ya koma gida yana murna. Ƙungiyarmu ita ke da yankin Bazaga, sauran biyun Tajaye da Malbaza, kuma shekara tara ina ɗauke da akwatin nan. Ba ni aje shi ƙasan mota inda ƙarfe ke ɗaukar zafi, bisa cinyata yake tafiya. In munka sauka, jiƙaƙƙen buhu nake rufa masa, in bi inuwar icce da shi tun hantsi har la'asar, inuwa ta gusa in gusa. Ba ni buɗe shi sai na san abin da zan ɗauko da kusurwar da yake. Direbanmu Hashimu kullum da butarsa a kaina.

"Sahabi, sa mani butar ga ciki, minti goma kaɗai."

"Wanga ba randa ta ba."

"Kai dai ƙishirwa za ta kashe ka kana rungume da ƙanƙara, a yi ma dariya lahira."

Shekara tara yana roƙo, shekara tara ina hanawa. Ni na ɗauka wasa muke.

Bayan babban fari da ƴan shekaru, anka kawo muna sabon abu. Anka ware ɗaki ɗaya bayan buro, anka zuba injuna, anka ce sunansa labo. Anka turo wani Bazabarme daga yamma, Mushe Hima, mushe wato malam a bakin Faransa, mutum siriri mai tsabta, wanda ya yi karatun abin har ƙasar waje. Aikinsa shi ne a ɗebo jinin shanun da anka yi wa allura, ya duba ko ta kama. Faranti gare shi na roba, bai fi tafin hannu da yatsu ba, da ƴan ramuka casa'in da shida jere kamar gurbin dara. Kowane rami na saniya ɗaya ne. Ya ɗiga ruwan jininta, ya jira, ya wanke, ya ɗiga wani ruwa, ya jira, ya wanke, ya ɗiga na ƙarshe. In allura ta kama, ramin sai ya yi launi kamar ruwan lemo. In ba ta kama ba, ya tsaya fari-fari. Sai ya tura farantin cikin inji, injin ya karanta launi ya fiddo lamba bisa ƴar takarda. Akwai lambar da anka yanke. Wadda ta haura ta, ta tsira. Wadda ta kasa, ba ta tsira ba. Babu tsakiya.

Da sakamakon farko ya fito, shanun Tajaye sun tsira, na Malbaza mafi yawa sun tsira, na Bazaga kuwa sai ɗai-ɗai. Shugaban buronmu, wanda muke kira Lokotoro, Badamagare ne, ƙato, ba mugu ba, amma daga Yamai ana matsa masa, shi kuma ya matsa wa na ƙasa. Ya kira ni buronsa, bai ce in zauna ba.

"Sahabi, magani ɗaya aka raba wa ƙungiya uku, daga firigo ɗaya. Na Tajaye ya kama, na Malbaza ya kama, naku bai kama ba. Me ya bambanta ku?"

"Ranka shi daɗe, ban sani ba."

"Ni na sani. Akwati."

"Ranka shi daɗe, ban taɓa dawowa Kwanni ƙanƙarata ta narke ba."

"Inji ba ya ƙarya. Ba shi da ɗan'uwa a Tajaye, ba shi da abokin gaba a Bazaga."

Ya karɓe akwatin a ranar. Ya ce za a sake ɗebo jini a yankunan uku, don haka ƙa'ida ta ce, in amsar ta dawo yadda take in tattara nawa ya nawa. Kafin nan in koma labo, in riƙa wanke kwalabe da manna musu lambobi. Sati bai zagayo ba magana ta cika teburin mai shayi na bakin tasha, wai ana ganina kasuwar Bazaga ina saida wa masu lemo ƙanƙarar magani. Ban ji da kunnena ba, amma na san bakin da ta fito, don bakin nan ya sha roƙona sanyi. Har rugage ta kai. Arɗo Ja'e, wanda da bakinsa Fulanin yankin ke fiddo shanu ko su ɓoye su, ya aiko a gaya wa buro baɗi kada mu wahalar da mota, ba su kawo dabbobinsu a soka musu ruwan banza.

A gida kuwa murya biyu ce ke cin kunnena. Uwarku Kulu ta ce in bar musu aikinsu tun ba su kore ni ba, in tafi Malbaza, yayanta na lodin siminti, ba za a rasa mani wuri ba. Inna, kakarku, tana zaune bakin ɗakinta tana ɓarar gujiya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba har ta koma ga Allah.

"Shi tahi Malbaza da sunan ɓarawo?" in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Sunan shi hau motar siminti shi riga shi isa."

"To Inna, mi za mu ci in an kore shi?"

"Abin da kuka ci yanzu. Ai ban ga kin yi ƙiba da aikin gwamnatin ba."

Na ci gaba da zuwa labo. Zan faɗi gaskiyar Mushe Hima, don ba na son ku ɗauke shi mugu. Shi kaɗai ne a ɗakin nan, faranti tuli a gabansa kowace rana, wutar lantarki tana ɗaukewa yadda ta ga dama, daga sama kuma ana ta waya ana neman sakamako. Hannunsa ba ya rawa, ba ya tsallake rami. Da azahar in an kawo masa shinkafa da wake, sai ya tura kwanon tsakaninmu ya ce in sa hannu, alhali sauran ma'aikata sun fara yi mani gaisuwar nesa. Amma ni mutumin sanyi ne, idona bai iya barin abin da ya saba. Da safe yakan fiddo manyan kwalaben ruwan gwajin daga firigo, suna gumi, ya fara ɗigawa nan take don ya riga wuta ɗaukewa. Kafin azahar kwalaben sun huce sun zama ɗaya da ɗakin. Kuma da yake Bazaga ce kusa da Kwanni, jininmu ke fara isowa, shi ake fara ba lamba, shi ke shiga farantin farko. Ni ke kwashe farantan in ya gama. Na safe fari-fari kamar furar da anka cika wa ruwa, gefe-gefensu ya ɗan fi tsakiya launi. Na rana kuwa jajir. Na yi kwana uku ina auna maganar a cikina kafin in furta.

"Mushe, ruwan ga da sauran sanyi."

Ya yi dariya. "Kai da sanyi. Ya kore ka daga mota, ka biyo shi har nan?"

"Farantan sahe ba su nuna kamar na rana."

"Don na safe naku ne, Sahabi."

Ya jawo faranti ɗaya ya nuna mani wasu ramuka a gefe, ya ce waɗannan su ne shaidu, jini ne da ya zo tare da kayan, an san amsarsa tun can. In lambarsu ta faɗa tsakanin nan da nan, farantin ya yi kyau. Na ce ya nuna mani inda na safe ke faɗawa. Ya ɗora yatsa. Suna ciki, amma can bakin gaɓa, saura ƙiris su fita.

"Mushe, wanda ke tsaye bakin rijiya bai hwaɗa ba, amma ba a ce mashi zamanka lahiya."

Dariyar ta bar fuskarsa. "Aji nawa ka yi?"

"Uku."

"To wanke kwalabe."

Da na koma gida na zauna ina ba su labari, ba don ina tsammanin wani abu ba, don dai in sauke. Inna da ƙuruciyarta ta yi awon hatsi kasuwar Kwanni, ta san tiya ciki da waje. Ta saurara har na gama, sannan ta kaɗe ɓawon gujiya daga zanenta.

"Ba a gardama da mai awo," in ji ta. "In kana son ka san shi, kai mashi hatsi guda sau biyu, cikin buhu daban-daban. Shi da kanshi za shi hwaɗa ma ko shi wane na."

Inna tana da karsana ɗaya, Tattabara, tana kiwo wajen Arɗo Ja'e. A shekarar anka fara yi mata allura, daga akwatina maganin ya fito, a gabana anka tsaga mata kunne don shaida. In maganina matacce ne, jininta zai faɗa. In injin Mushe ne ke rawa, jininta zai faɗa. Na gaya musu abin da ya zo mani.

"Ni dabara nib ba ka, ban ba ka saniya ba," in ji Inna. "Kwalba nawa?"

"Goma sha biyu."

"Yanka ta za ka yi?"

"Inna, duka bai wuce ludayi biyu ba."

"To dussa da kanwa sati guda, daga aljihunka. Kuma in ta rame, kai da ni."

Kulu ba ta yi dariya ba. Ta bari sai da Inna ta shiga alwala, sannan ta matso.

"Baban Rabi, wagga takardar hukuma ta za ka sa ma hannu. In an kama ka ba kora ba ta, gidan kaso na. Kuma mutumin ga da kuka ci kwano guda, hakanan za ka tona shi gaban mutane?"

Har yau ba ni da cikakkiyar amsar tambayar nan tata. Na dai san abu ɗaya: in na yi shiru, ku za ku tashi ɗiyan ɓarawo, kuma baɗi shanun Bazaga za su kwana daji babu allura.

Ranar Lahadi na hau keken aro na nufi rugar Arɗo. Shekara tara ina riƙe wa likitoci wuyan saniya, na san inda jijiya take. Arɗo ya tarbe ni da fuska a ɗaure, ya ji buƙatata, ya daɗe yana kallon kwalaben da na jera bisa tabarma.

"Kaɗo, an ce ruwa kunka soka muna. Yanzu kuma jinin kuka biɗa?"

"Saniyar uwata ta, Arɗo. Kai dai riƙe mani ƙaho, ka ƙirga da idonka."

"Ni in an tambaye ni, abin da nig gani za ni hwaɗi. Ko shi cece ka, ko shi kashe ka."

"Shi nika so."

Ya riƙe, na cika goma sha biyu, ya ƙirga da bakin sandarsa. A satin ne jinin zagaye na biyu ke shigowa labo, kuma ni ke kwafe lambobi daga takardar kowane yanki in manna bisa kwalabe. Kowace takarda akwai sauran layi a ƙasa. Na ƙara huɗu cikin na Bazaga, huɗu cikin na Malbaza, huɗu cikin na Tajaye. Wannan shi ne laifina, da hannuna na rubuta, ba wanda ya sa ni. Maƙwabcinmu Baba Sarjan, tsohon soja, shi ya ƙara mani dabara ɗaya. Ya ce gobe za a ce bayan sakamako ya fito na zaɓi lambobin da sunka yi mani daɗi. In rubuta su yanzu, in liƙe cikin ambulan, in kai gidan waya in aika wa kaina, hatimin da za su buga yana ɗauke da rana. Na yi hakanan. Wasiƙa ɗaya tak da na taɓa samu ke nan a rayuwata, ni na aiko ta.

Kwana biyar Mushe yana aikin. Ina tsaye da soso a hannu ina kallonsa yana ɗiga jinin Tattabara, sau huɗu da safiyar ranar farko, sauran can cikin kwanaki, bai san ita ce ba. Azahar ta yi ya turo kwano. Na sa hannu na ci, ban gaya masa ba.

Ranar da anka kira ni, takardar sallamata tana bisa teburin Lokotoro, an riga an buga ta, hannu kaɗai ya rage. Mushe na zaune gefe da takardun sakamako. Ta taga ina hango Hashimu yana goge motar da ba ta da datti. Lokotoro ya ce amsa ta dawo yadda take, Bazaga ba ta kama ba, shi bai ji daɗi ba, amma ba yadda zai yi. Na sa hannu aljihu na fiddo ambulan na aje bisa takardar.

"Mene ne wannan?"

"Ranka shi daɗe, dubi hatimi tukuna, kahin ka buɗe."

Ya duba ranar, ya yage, ya ga lambobi goma sha biyu babu wani bayani. Na roƙe shi ya sa Mushe ya karanta amsar kowace. Ya harare ni, amma ya miƙa takardar. Mushe ya bi da yatsa. Huɗun da ke cikin Bazaga, ba ta kama ba, ba ta kama ba, har huɗu. Na Malbaza, biyu ta kama, biyu ba ta kama ba. Na Tajaye, duka huɗun ta kama.

"To sai me?" in ji Lokotoro. "Abin da muka sani ne."

"Ranka shi daɗe, saniya guda ta. Ta Inna. Rana guda nid ɗebi jinin, daga jijiya guda. A Bazaga ba ta tsira ba, a Tajaye ta tsira, kuma ko hanyar Tajaye ba ta sani ba."

Lokotoro ya miƙe. Ban taɓa sanin tsawonsa ya kai haka ba.

"Ka san abin da ka yi? Ka sa ƙarya cikin takardar hukuma. In na ɗaga wayar nan, jandarma ne za su kai ka gida, kuma ba gidanku ba."

"Na sani, ranka shi daɗe."

"Wa ya shaida saniya ɗaya ce?"

"Arɗo Ja'e ya riƙe ƙaho. Kuma tana can tana cin dussa. Ka tahi ka ɗebi jininta da hannunka."

Ya juya ga Mushe. Mushe bai ɗago ba, idonsa na kan lambobin, yana bin su yana sake bi kamar mai neman allura cikin rairayi. Mutum ne da zai iya cewa na gauraya jini, ko na ɓata kwalabe, kuma da ya faɗa da an yarda da shi, don shi ke da takardar karatu. Bai faɗa ba. Ya tattara takardunsa ya ce, "A ba ni jibi."

Washegari Lokotoro da kansa ya shiga mota har ruga, ya ji ta bakin Arɗo, ya ɗebo jinin Tattabara. Da ranar da Mushe ya yanke ta zo, tun da sassafe ya fiddo kwalaben ruwan gwaji ya jera bisa tebur, ya zauna ya naɗe hannu. Lokotoro na tsaye bakin ƙofa yana duban agogo. Kwalabe sunka yi gumi, gumin ya gangara, ya bushe. Hantsi ya ɗaga. Sai Mushe ya turo kwalba ɗaya wajena, ba tare da ya dube ni ba.

"Taɓa. Sanyi ya fita?"

Na ɗora bayan hannuna, na juya ta, na taɓa gindinta inda sanyi ke ɓuya.

"Da saura, Mushe."

Babu wanda ya yi gardama. Likita biyu masu takardar ƙasar waje sunka ci gaba da jira har sai da lebura mai aji uku ya ce yanzu. Na yi shekaru a duniya, an yi mani suna, an yi mani aure, na ga haihuwarku duka, amma wannan jiran yana cikin abubuwan da ba zan ba kowa ba.

Mushe ya warwatsa goma sha biyun da jinin da Lokotoro ya ɗebo cikin faranti ɗaya, wasu gefe, wasu tsakiya. Dukansu sunka yi launi, dukansu sunka haura lambar da anka yanke. Amma da na leƙa ƴar takardar injin, sai na ga lambobin ba ɗaya ba ne, wata ta ɗan hau, wata ta ɗan sauka. Na ɗauka wata matsalar ce.

"Mushe, har yanzu ba su daidaita ba."

"Ba za su daidaita ba," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Haka awo yake. Ko an yi komai daidai sai ya yi ƴar rawa. Na san yana rawa. Girman rawar ne ban taɓa aunawa ba."

Sati biyu ya yi yana sake gwada jinin Bazaga kaf, na zagayen farko da na biyu, yana gauraya yankuna cikin kowane faranti. Shanunmu sunka fito kafaɗa da kafaɗa da na Tajaye. Wasu ƴan kaɗan sun tsaya dab da layi, yau sama gobe ƙasa, sai Lokotoro ya sa anka ƙara gida na uku cikin takardar sakamako, na waɗanda ba a yanke wa hukunci sai an sake. Kuma daga ranar kowane faranti sai an bar wa jinin Tattabara rami uku, don in awon ya fara rawa a gani tun da wuri. Duk bayan ƴan watanni a je da mota a ɗebo, a kai mata buhun dussa. Takardar sallamata Lokotoro ya yaga ta a gabana. Sannan ya jawo wata ya sa hannu: dakatarwa kwana takwas saboda ƙarya cikin takardar hukuma, kuma a aje kwafi cikin kundina.

"Wannan naka ne, ka ci shi," in ji shi. "Wancan kuma ba naka ba ne, shi ya sa na yaga."

Ban yi ƙorafi ba. Amma ku sani takardar nan ta bi ni. Sau biyu ana ɗaukar leburori a mai da su cikakkun ma'aikata, sau biyu ana buɗe kundina a rufe. Lebura na shiga, lebura na fita, shi ya sa ba ku tashi gidan siminti ba. Kwana takwas ɗin nan ina zaune tsakar gida, duk wadda ta shigo gaisuwa sai Inna ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga shi nan hukuma ta kore shi, saniyata kau ta ɗauke ta aiki."

Abin da ya fi takardar ciwo shi ne Mushe. Da na koma, azahar ta yi, anka kawo kwanonsa, ya ɗauka ya shiga ɗayan ɗakin. Bai sake turo shi tsakaninmu ba. Sau ɗaya munka yi maganar, yana wanke hannu, ya ba ni baya.

"Da ka gaya mini, Sahabi."

"Na gaya ma, Mushe. Kac ce in wanke kwalabe."

Ya daɗe yana murza sabulu. Bayan shekara anka maida shi gabas, ya tafi ba mu yi sallama ba. In akwai wanda nake son ya yafe mani a duniyar nan, shi ne. Hashimu kuwa bai taɓa cewa shi ya yaɗa maganar ƙanƙara ba, bai taɓa cewa bai yi ba. Sakamakon gaskiya ya tsaya cikin kundin buro, ba wanda ya karanta shi teburin mai shayi.

Ɗari ya sake shigowa. Lokotoro ya fito da akwatin da kansa, gaban ma'aikata duka, ya aza mani bisa cinya cikin mota. Munka kama hanyar Bazaga, ba wanda ya san ko za mu iske saniya ko ɗaya, don Arɗo bai aiko da wata magana ba tun wadda ya aiko. Munka isa shingen allura da hantsi. Wayam, sai kashin shanun bara. Likitan ƙungiyarmu ya zauna bisa ƙafar mota yana tsaki. Na jiƙa buhuna na rufa, na zauna gindin aduwa. Rana ta ɗan ɗaga, sai na ji kuka daga arewa, can kuma wani daga yamma. Ƙahoni sunka fara ɓullowa ta bayan geza, garke na bin garke, har da na mutanen da shekara tara ban taɓa ganin sun kawo ko maraƙi ba. Arɗo Ja'e na gaba da sandarsa bisa kafaɗa. Bai je wajen likita ba, wajena ya zo, dattawan rugage na biye da shi. Ya tsaya kaina.

"Kaɗo, buɗe in gani."

Ban taɓa buɗe akwatin nan don wani ya kalla ba. Na ɗaga murfin faɗin yatsa huɗu. Ya zura hannu, ya taɓa, ya zaro da sauri yana yarfewa. Ya juya ya gaya wa dattawan wani abu da Fillanci, sunka fashe da dariya, wani tsoho ya matso yana naɗe hannun riga shi ma zai gwada.

Na maida murfin na danne da gwiwa.

"Ya isa. Sanyi na hita. Ku koro shanu."